Doguwar Wayar Samarin Gulbi

Badariya, Birnin Kebbi
4 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Baba Hodi mai ganga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Rauda, ɗiyar ƙanwar abokinka Sirajo, Hajiya Laure. An ce kunnenka ya yi nauyi, salula ba ta yi maka amfani, shi ya sa na ba Dikko direba wannan takarda.

Baba, albishirinka! A shirina na gidan rediyo, wanda nake sa tsofaffin waƙoƙi ranar Lahadi, mun ce masu sauraro su zaɓi gwanin ganga da gwanin jitar bes, mai tsirkiya huɗun nan da ke gurnani a ƙarƙashin waƙa. Na ɗauka yaran zamani za su kwashe, sai ga tsohon kaset ɗinku na Samarin Gulbi ya tashi da kowa. A ganga kai ne na ɗaya. A bes Kawu Sirajo ne, babu wanda ya ko kama ƙafarsa.

Murna ta kwashe ni, na sanar kai tsaye cewa ranar Asabar 23 ga wata, da la'asar, ku biyu za ku kaɗa "Jirgin Gulma" a harabar gidan rediyonmu. Manaja har ya buga takardun gayyata. Ya ce in taro ya yi kyau shirina ya zauna, in ya watse zai ba masu sharhin ƙwallo lokacina. Shekara shida nake renon shirin nan, Baba.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Na kira Kawu in yi masa albishir, sai ya ce "Inna lillahi", kamar na sanar da shi mutuwa. Tun daga ranar salularsa a kashe take. Laifi na yi? Don Allah ka je ka lallashe shi, kai yake jin maganarka.

Ka huta lafiya.
Ɗiyarka,
Rauda Ja'afar

Argungu
7 ga Nuwamba

Ɗiyata Rauda,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, sau biyu na karanta ta, don idon ma ya hwara bin sawun kunnen. Muna lahiya, sai hidimar girbin shinkahwa.

Ki gode mani masu saurarenki. Shekara arba'in ana kirana mai hayaniya, yau an wayi gari ni ne gwani, Allah mai iko. Ni kam ina tahe ko bisa jaki. Gangunan suna nan, ɓera ya ci hwatar guda amma za a gyara.

Amma ke, wa yac ce ki yi alkawali da hannun wani? Ba ki ga tsumman da kawunki ke ɗaurewa a wuyan hannu ba tun 1987? Ba ado ba ne, ciwo ne. Na iske shi gindin mangwaro ya zabga tagumi. Yac ce, "Hodi, mun shiga ukku." Na ce, "Kai dai ka shiga, ni gangata hannuna ka kaɗa ta." Bai yi dariya ba.

Ga shawara. Ku ba shi takardar yabo, shi ɗaga hannu mai lahiyar, a yi tahi, a sa kaset. Ko ki samo wani saurayi mai jita shi koyi waƙar, ni in bi shi a hankali.

Hajiya Laure ta ji zancen taron ga? Mi tac ce? Ki gaishe ta da kyau.

Allah shi yi maki albarka.
Hodi

Badariya
11 ga Nuwamba

Baba Hodi,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara lafiya.

Kaset ba zai yi ba, mutane hannun Kawu suke son gani. Samari uku na gwada. Biyu sun gudu tun a baiti na farko, na ukun ya ce wanda ya kaɗa wannan ba shi kaɗai yake ba.

Ranar Asabar na zo Argungu da jitar aro, na biya gidanka aka ce ka tafi neman fata. Na wuce gonar Kawu a Gulma. Baba, da idona na gan shi ya ɗaga buhun shinkafa da hannun da ka ce yana ciwo! Kuma tsumman a hagu yake, alhali da Sallah a dama na gan shi. Ciwon yawo yake yi?

Na miƙa masa jitar. Wallahi ya iya riƙo, ya rataya ta ya karkata kafaɗa, sak hoton da ke bayan kaset. Da ya taɓa tsirkiya kuwa, sai ka ce ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Ya ce laifin jitar ne, ta China ce. Ya cika mini buhu da albasa ya sa ni a mota.

Jiya kuma wani dattijo, Malam Abdussamadu, ya kira cikin shiri. Ya ce yana wurin a 1986, ranar da kuka yi wasa a filin Gulma ƙudan zuma suka taso. Wai Kawu ya saki jita yana kore su da hannu biyu, amma bes bai tsaya ba, ko ɗigo bai ɓace ba. Ya ce tun ranar kowa ya san Sirajo yana da mutanen ɓoye. Mutum huɗu suka kira bayansa suna rantsuwa haka aka yi. Na koma na ƙura wa hoton ido, sai na lura babu wata waya da ta fito daga jitar Kawu zuwa sifika.

Ni ɗiyar malam ce, ban yarda da jitar da ke kaɗa kanta ba. Amma kaina ya kulle. In Kawu bai iya ba, wa muka zaɓa? In ya iya, me yake ɓoyewa?

Innata da ka tambaya ta ji zancen taron, ko a jikinta. Kullum aka sa "Jirgin Gulma" tashi take ta kashe rediyo, tun marigayi Babanmu yana raye. Ita da karatun matan unguwa ne kawai. Me ya sa ka tambaya?

Ina jiran amsarka da gaggawa.
Rauda

Argungu
14 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Tunda kin ga buhu, kin ga hoto, ƙarya ta ƙare.

Babu aljani ko guda. Kawunki bai taɓa kaɗa abin da ya shiga sifika ba. Shi yas sayo jitar da kuɗin albasa, ya yi wata shidda yana hwama, ta ƙi shi. Amma Allah ya ba shi tsawo da suma da wando mai buɗaɗɗen ƙahwa, in ya hau dandamali sai ihu. Sai munka raba aiki, shi ya riƙe jiki, wani ya riƙe kiɗa.

Ga yadda muke yi. Akori-kurarmu muke ajewa bayan sifikoki, mu ja tampol. Mai hannun gaske shi zauna ciki da jita ta biyu. Daga can doguwar waya ke tahowa, kamu talatin, mu turbuɗe ta cikin rairayi tun kahin mutane su taru. Ba ya ganina, ba ni ganinai. Shi ya saurari ƙahwata bisa babbar ganga, ni in saurari sifika. Shekara ukku haka, Rauda, ban taɓa ganin yatsun nan suna aiki ba, amma in na yi tuntuɓe kahin in hwaɗi sun tare ni. Na yi kiɗa da mutum ya hi ashirin bayan nan, ban sake jin daɗin ganga ba. Ranar zuma cikin mota babu zuma, shi ke nan asirin.

A 1987 mai hannun yac ce ya aje. Washegari Sirajo yaɗ ɗaura tsumma. Kada ki raina shi. Ba don yabo yake ɗauke da ƙaryar ga ba, rihin asirin wani yake yi, kuma ya gaji.

Suna kuwa ba ni hwaɗi, na daha Alƙur'ani. Mai shi yana raye, iyakar abin da za ki ji ke nan. Doguwar wayar tana ƙarƙashin gadona, ban yar ba.

Ki karanta ma Hajiya Laure takardar ga tun daga hwarko har ƙarshe, kada ki tsallake komi. Ƙanwar Sirajo ce, wataƙila ta tuna wani abu.

Allah shi hid da ke kunya.
Hodi

Badariya
18 ga Nuwamba

Baba Hodi,

Gaisuwa da ban girma. Ka warware mini ƙulli ɗaya, ka ƙulla goma.

Na bi duk mazan da ke cikin hoton. Mai waƙa ya rasu, mai sarewa yana busa a gaban kowa. Na ce ko Tamba direban akori-kura ne, aka ce Tamba ko tafi bai iya yi daidai ba. Na aika Gulma a tambayo tsofaffi, aka dawo mini da labarin aljanu, har da sunayensu.

Na karanta wa Inna takardarka tana tsintar shinkafa. Da na zo kan waya sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Ba talatin ba ne, ashirin da shida ne." Na ce, "Inna, ina kika sani?" Ta ce ai ita ke kai wa yayanta abinci wurin wasa. Da na zo inda ka ce ba ka sake jin daɗin ganga ba, hannunta ya tsaya a cikin faifai. Sannan ta ce in sa mata waƙar. Inna fa, Baba! Ta saurara har tsakiya, ta ce, "Ji shi, nan yake sauri kullum." Ban san da wa take ba.

Jitar aron ma ta hana ni mayarwa. Wai ba a mai da kayan aro da datti, za ta goge. Ta shige ɗaki da ita ta sa sakata, yau kwana uku ana guga. Matan karatu ta ba su hutu.

Baba, zan faɗi abin da ke raina, ka yafe mini. Mutumin nan tsohon manemin Inna ne? Shi ya sa take kashe rediyo don kunyar Babanmu? In haka ne na taɓo abin da ya fi ƙarfina, kuma ina jin tsoro.

Na yanke shawara. Ranar Juma'a zan sanar an fasa taro. Gara a ba 'yan ƙwallo shirina da in tsayar da Kawu a gaban jama'a ya ji kunya, ko in tono wa mahaifiyata abin da ta binne. Na rubuta sanarwar, na kasa karanta ta ba tare da kuka ba.

Ka sa ni a addu'a.
Rauda

Badariya
20 ga Nuwamba

Hodi,

Sallama. Ina gaishe ka da iyali.

Na kwance maka rantsuwarka. Ce ma Yaya Sirajo shi kwance tsummanai shi ma, shekara talatin da bakwai sun isa. Shi zo shi zauna kujerar gaba, ya cancanta.

Malam, Allah shi jiƙan shi, ya sani tun kahin aure. Bai hana ni ba, ni na ji tsoron bakin mutane. Yanzu kuwa ba ni zama ina kallo tsorona shi ci shirin ɗiyata. Na yaga sanarwarta, na ce ta bar taro yadda yake, mutumin zai zo. Har yanzu wani tsoho take nema a Gulma. Kada ka gaya mata, ina son in ga huskarta.

Yatsun sun yi tauri, amma sun tuna. Kai kuma ka rage sauri a baiti na biyu, na gaji da tare ka.

Doguwar waya bar ta ƙarƙashin gado. Ka taho da gajera.

Sai Asabar, in Allah ya kai mu.
Laure