Hankaka Mai Dogayen Ƙafafu

Yamai, daren Laraba, Mayu 1962

Yau na yi wa Baba ƙarya, kuma ya kama ni.

Da na taso daga biro, wato ofishinmu, na iske shi zaune a tsakar gida, idon da likita ya yi wa aiki yana naɗe, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Ya ji saukar babban tsuntsu bisa gawon maƙwabta.

"Issa, wane ne baƙon namu?"

Shamuwa ce. In na faɗa zai ce damina ta ƙarato, gona na jiransa a Maraɗi, alhali likita ya ce ba tafiya sai bayan sati uku. Na ce, "Hankaka ne, Baba. Baƙi da fari."

"Farin ya zagaye wuya?"

"A'a, a ciki kawai yake."

"Ƙafafun fa?"

"Dogaye."

Ya yi dariya har da tari. "Hankaka mai dogayen ƙafafu! Ni da na koya maka tsuntsaye za ka ruɗa?"

Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce in kwantar da hankalina, zai zauna.

Ɗazu na leƙa ɗakinsa. Yana barci, amma ya riga ya ɗaure kayansa, ya yi matashin kai da su.