Buba, Wanda Ƙasa Biyu Suka Hana Riga

Zuwa ga aminina Buba ɗan Inna Hajo, na rugar arewacin Babura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa ta girma da ban hannu, ina tambayar lafiyarka, da ta iyali in Allah ya ba ka su, da ta dabbobi. Ni ne Ilu na Kazaure, wanda yake tsare muku raga. Ina nan da raina, sai dai gwiwa da ido sun soma yi mini sallama. Ban san garin da zan aika maka da wannan saƙo ba, shi ya sa na bar shi a fili. Wataƙila cikin masu karantawa a dace da wanda ya taɓa ganinka.

Rediyo ce ta tayar mini da zancenka. Kwanakin nan ba a rabuwa da rigimar ƙwallon ƙasashe. Yau a ce an dakatar da wane don an auna fitsarinsa an ga ƙwayar ƙara kuzari, gobe a ce an ƙwace wa wata ƙasa nasararta don ta sa ɗan wasan da ba nata ba. Masu sharhi suna ta ɗaga murya kamar yau aka fara. Ni kuwa kashe rediyon nake yi, domin duka biyun a kanka na fara ganinsu, tun Bature yana mulki.

Ka tuna zuwanka elementare? An ce hakimi ya kawo yara, aka bi rugage, kowa ya ɓoye nasa. Kai maraya ne, babu uban da zai tsaya maka, sai aka ɗauko ka. Ka iso Kazaure da sandarka a kafaɗa, Hausarka ma ba ta gama zama ba. A gidanmu aka sauke ka, tabarma ɗaya muka raba. Ranar da aka fara jefa mana tamaular tsumma a filin nan na gindin duwatsu, ko doka ɗaya ba ka sani ba, amma babu mai kamo ka. Wanda ya tashi yana tare maruƙa a daji, me zai gajiyar da shi a filin da ake hango ƙarshensa?

Muka wuce birni, muka gama karatu. Ni na zama akawu, kai malamin allurar shanu. Da la'asar kuwa sai fili, a ƙungiyarmu ta ƙananan ma'aikata. Kai kana gaba, ni ina raga. Ka ƙi jinin takalmi, ka ce yana hana ka jin abin da ƙwallo take nufi. Bandeji kawai kake naɗa wa idon sawu.

Sai wasanmu da 'yan wani kamfanin sayen gyaɗa. Sun fi mu komai, har takalma gare su iri ɗaya. Ka wahalar da su ranar, Buba, har 'yan bayansu suna dafa gwiwa. Da aka tafi hutun rabin lokaci ka zauna ka kafa kai a gorarka kamar kullum. Mai horar da su, wani dogo mai jan baki saboda goro, ya ruga wurin Baturen da ke kula da wasannin lardi, ya ce magani kake sha, mutum ba ya gudu haka da jinin Allah.

A tsakiyar fili aka tsayar da kai, jama'a na kallo. Baturen ya karɓi gorar ya shinshina, ya yamutsa fuska. Fura ce da nono, irin wadda Inna take aiko maka da garinta a motar kasuwa, ka ƙara mata citta da kanumfari. Bai san mece ce ba, bai kuma tambaya ba, ya tuntsurar da ita a ƙasa. Ya sa aka tsinke layar da ke wuyanka, wadda Inna ta rataya maka ranar da aka raba ku. Ya ce daga yau ruwa da lemo kaɗai ɗan wasa zai sa a baki.

Ba ka yi musu ba. Ka tako wurina a raga, ka ce a hankali, “Ilu, abincina fa ya zubar. Tun safe ban ci komai ba.”

Da yunwarka ka koma, kai ka ci ƙwallon da ta raba gardama. Muka ɗauke ka a kafaɗa, muka zaci magana ta ƙare.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa za a ɗebi 'yan wasa daga Arewa a kai Ikko, a tace waɗanda za su sa rigar ƙasa su kara da 'yan wasan ƙasar Gwalkwas. Sunanka ne farko a bakin kowa. Tela har ya auna ka. 'Yan Kazaure da Roni da Gwiwa da ke ci-rani a birni suka riƙa tsayar da ni a hanya suna cewa, “Namu ne zai je, ko?” Ka je Babura ka yi sallama, ka dawo da man shanu a ɗan ƙoƙo, wai Inna ta ce ka riƙa shafa wa ƙafa, ta ji an ce ƙasar kurmi danshi ne da ita.

Dogon nan mai horarwa yana da nasa ɗan wasan da yake bin ka a layin waɗanda za a ɗauka. Maganar magani ta ƙi ci, sai ya shiga kara wurin dillalan shanu yana tambayar asalinka. Can ya samo abin da yake nema, ya kai wa Baturen, aka aiko kiranka.

Ni na raka ka ofishin Baturen, tunda ni ne kyaftin. Tambaya ɗaya ya yi maka: ina aka haife ka? Buba, da ka ce Babura, babu mahaluƙin da zai iya ƙaryata ka. Wa yake rubuta haihuwar ruga a wancan zamani? Amma ka dube shi ka ce, “Ranka ya daɗe, Inna ta ce a bakin wata rijiya ne, arewa da iyaka. Damina ce, shanu sun hau can gudun gonaki. Da kaka ta yi suka dawo da ni a baya.”

Ya ajiye lofensa ya ce ashe kai talakan Faransa ne. Na ce masa kabarin mahaifinka yana Babura, na kakanka ma haka, karatunka a nan, aikinka a nan. Ya saurare ni har na gama, ba zan ɗora masa ƙarya ba. Ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba, kuma ba zai yarda a je a ci wasa sannan abokan karawa su kai ƙara a ƙwace ba. Har haƙuri ya ba ka. Ka yi godiya, muka fito. Sai da muka kusa gida ka ce, “To ni ɗan ina ne?”  Har yau tambayar nan tana bi na.

Ranar tafiyarsu ka ce sai mun je tashar jirgi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ba su hannu, har da wanda aka ba gurbinka. Ka ce masa ya kula da ɗan bayan hagu, irinsu ne ke karya mutum. Jirgi ya tashi, kai kana tsaye har hayaƙinsa ya ɓace.

Abin da ya fi ci mini rai na Inna ne. Na bi ka ruga bayan haka. Tana zaune tana kaɗa nono, ka faɗa mata yadda aka yi. Hannunta ya tsaya. Ta ce, “Da na san haka ne, Buba, da na danne naƙudar har mu dawo.” Ka yi ta lallashinta da Fulatanci, ita kuwa hawaye na zuba cikin ƙwaryar ba ta ma sani ba. Tun daga ranar take ganin ita ta cuce ka.

Ka ajiye aiki ba wanda ya kore ka. Ka ce tunda an ce kai na can ne, bari ka je wurin masu kai. Ka tsallaka Damagaram, labarinka ya yanke.

Ban sake ganinka ba sai lokacin da ake ta shirin karɓar mulkin kai. Aiki ya kai ni Babura ranar kasuwa, na hango wani a kara jingine da sanda, da malafa, ya rame. Tsayuwarka na gane kafin fuskarka. Muka zauna gindin tsamiya, ka ba ni labari kamar na wani kake bayarwa. Ka ce 'yan ƙwallon can sun yi murna da kai, har suna rigimar wanda zai sauke ka. Amma da aka zo zaɓar masu wakiltar ƙasarsu, Kumandan Faransa mai mulkin can ya ce kai ɗan Ingilishi ne, karatunsu ka yi, danginka na ƙarƙashin tutarsu, bai ma san abin da ya kawo ka ba. Ka yi dariya, tari ya sarƙe ka. Ka ce ka koma bayan shanu.

Muna tashi, samari na buga tamaula a bayan rumfuna, ta gangaro har gabanka. Suka ɗaga hannu suna cewa, “Baffa, turo mana!” Na ga ƙafarka ta dama ta motsa da kanta. Sai ka janye ta, ka kauce, ka bar ƙwallon ta wuce cikin kashin shanu. Ba ka waiwaya ba. Ni ne na je na ɗauko musu, na daɗe a sunkuye don kada ka ga idona.

Inna ta rasu ba da jimawa ba. Kafin labari ya same ni in zo ta'aziyya, an ce ka kora dabbobi ka yi arewa. Shekaru na yi ina tambayar fatake da masu canjin kuɗin sefa. Wani ya ce a shekarun fari ka rasu tare da garkenka. Wani ya rantse ya gan ka da furfura a hanyar Agadas. Ban san wanda zan gaskata ba, ban kuma taɓa iya yi maka sadaka a matsayin mamaci ba.

Yanzu ina jin yaro ɗaya ƙasa biyu suna roƙonsa, shi yake zaɓa. Ba na yi musu hassada. Kawai dai nakan tuna ka, ɗan'uwana, sai abinci ya fita a raina.

In kana raye, Allah ya haɗa fuskokinmu ko da sau ɗaya ne kafin a rufe ɗayanmu. In kuwa ka riga ni, Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sada ka da Inna, ya sanyaya mata zuciya a kan abin da ba laifinta ba. Waɗanda suka ga wasanka duk sun tafi, saura ni. Saboda haka ga shaidata tun ina da baki: ba ka sha komai ba sai abincin uwarka, kuma da aka tambaye ka, gaskiya ka faɗa alhali ka san abin da za ta ci maka. Allah ya karɓi wannan shaida, amin.

Naka a duk inda kake,
Ilu, Kazaure.