Rasuwar Malam Nu'uman Wada da Kalmar da Aka Gutsure

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Zumunta ta Hausawan Misfala da Zahir, a nan birnin Makka mai alfarma, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta kuma tsohon mataimakin shugabanta, dattijon arziki, Alhaji Malam Nu'uman Wada Idrisu, masanin hasashen yanayi mai ritaya, wanda Allah Ya karɓi ransa da safiyar Asabar da ta gabata yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar mako uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa salla a Harami bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i. Ya bar mai ɗakinsa, Hajiya Rakiya, da 'ya'ya uku, Hatim da Manal da Raghad, da jikoki bakwai. Tun ranar Asabar ɗin ya kamata wannan saƙo ya fita. Mun jinkirta shi ne saboda abin kunyar da ya biyo bayan rasuwar, wanda ba za mu iya tsallake shi mu rubuta ta'aziyya zalla ba.

An haifi marigayin a Misfala, ɗan iyayen da suka iso ƙasar nan ta hanyar Chadi da Sudan, ya kuma shafe shekara talatin da biyar yana aikin hasashen yanayi. A farkon aikinsa aka tura shi ƙarin ilimi wata ƙasa mai tsananin sanyi, a yankin da ke da manyan tafkuna, inda ya tarar da abin da ya hana masanan wurin sakat: iska mai sanyi ta ratsa ta saman tafkin da ruwansa bai daskare ba, ta kwashi danshi, ta je ta juye dusar ƙanƙara a kan gari guda har ta rufe ƙofofin gidaje, alhali garin da ke maƙwabtaka da shi rana ce ƙwal. Masu hasashe tara na yankin suka haɗu a ɗakin ajiya na wata tashar auna yanayi don su yi bitar kurakuransu, su gano dalilin da ya sa hasashensu yake kuskure gari. Na goman shi ne baƙon ɗalibi daga Makka, wanda aka miƙa wa biro saboda kyan rubutunsa. Daga wannan zama taron bitar shekara-shekara ya samo asali, ya girma har mahalartansa suka haura ɗari biyu, kuma sau ashirin da shida marigayin yana komawa. Littafin tarihin taron, tun daga ɗakin ajiya har zuwa bara, da hannunsa aka rubuta shi.

A nan gida kuwa, tsokanarsa muke yi. Malam Talji muke ce masa, wato Malam Ƙanƙara, muna tambayarsa wace rana za ta sauka a Muzdalifa mu tanadi barguna. Yakan yi dariya ya ce ai Bahar Maliya ma tafki ce babba, abin da take aiko wa duwatsun Makka ne kawai ya bambanta. Da wannan ilimin ne ya riƙa bin shagunan Misfala da ƙafarsa duk lokacin da ya ga alamar sel, ambaliyar nan da ke gangarowa daga duwatsu, yana cewa a ɗage kaya daga ƙasa. Akwai waɗanda buhunan shinkafarsu da bandir-bandir na yadinsu suka tsira ta dalilinsa, sun kuma san kansu. Kuma duk wanda ya taɓa karɓar takardar hasashensa ya san da kalmomin da yake rufe ta: Wallahu a'alamu.

To, ga abin da aka saka masa da shi. Ɗansa Hatim, wanda Larabci ya fi zauna masa a baki kamar sauran 'ya'yanmu na nan, ya rubuta sanarwar rasuwar da Larabci, ya sa sunan aikin mahaifinsa kamar yadda yake a takardunsa na ofis: mutanabbi jawwi, wato mai hasashen yanayi. Sai wani ɗalibin ilimi, wanda bai cika shekara biyu a garin nan ba, ya ga kalmar farko, ya tuna cewa a littafin da ya karanta mutanabbi shi ne mai da'awar annabci, ya yar da kalma ta biyu, ya naɗi murya ta minti huɗu yana jan kunnen jama'a kada su je gidan wanda iyalansa da kansu suka shaida cewa ya yi iƙirarin annabci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Amma ba jahilcinsa ne ya fi tayar mana da zuciya ba, domin shi bai san marigayin ba. Mu fa? Mu da muka yi sahu da shi shekara hamsin, muka ci tuwon sunan 'ya'yansa, mu ne muka riƙa tura wannan ƙazanta daga waya zuwa waya, wasu har da ƙarin gishiri, wai dama sun daɗe suna zargin mutumin da ke faɗin ruwa kafin ya sauka. Tir! Babu wanda ya ɗaga waya ya tambayi Hatim. Babu wanda ya tsaya ya karanta sanarwar zuwa ƙarshen layi.

Dubban bayin Allah da ba su taɓa jin sunansa ba sun sallace shi a Harami. A ƙofar gidansa da ke Zahir kuwa, an jera kujeru ɗari da ashirin na zaman makoki, kwana uku cur, kuma mun ƙirga waɗanda suka zauna a kansu: mutum goma sha ɗaya. Gahawa ta huce a butoci, aka zubar, aka sake dafawa, aka sake zubarwa. Hajiya Rakiya, baiwar Allah da ba a taɓa rasa ƙafarta a gidan mutuwar kowa ba, ta zauna da 'ya'yanta mata biyu tana sauraron ƙofa. A rana ta ukun ne wasiƙa ta iso daga shugabannin taron bitar can bakin tafkuna, mutanen da ba addininmu ɗaya ba, suna sanar da iyalan cewa daga bana laccar buɗe taron za ta riƙa ɗaukar sunansa. Wallahi, da aka karanta mana wasiƙar nan, mun ji ƙyamar kanmu. Kwamitin zartarwa bai ware kansa ba, domin biyu daga cikinmu suna cikin masu turawa, kuma shi kansa mai sa hannu a wannan saƙo ya ji muryar tun ranar Asabar, ya tsaya jiran wani ya fara magana.

Saboda haka ƙungiya tana shaida wa duniya cewa Alhaji Malam Nu'uman Wada Idrisu ya rayu Musulmi, ya rasu Musulmi, da kalmar shahada a bakinsa a gaban shaidu. Ɗalibin da ya naɗi muryar ya zo gaban dattawa ya amsa kuskurensa, mun kuma sakaya sunansa don kada a yi masa irin abin da ya yi. Sai dai magana zarar bunu ce, kukan mutum ɗaya ba zai mayar da ita ba. Duk wanda ya tura waccan muryar, ya tura wannan saƙo ta hanyar da ya bi, sannan ya tako da ƙafarsa. Mun roƙi Hajiya Rakiya ta bari a sake jera kujerun ranar Alhamis bayan la'asar. Ta amince, da sharaɗi guda: kada kowa ya zo mata da bayani, addu'a kawai take so.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan marigayin, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ya ba Hajiya Rakiya da Hatim da Manal da Raghad da sauran dangi haƙurin jure rashinsa, da haƙurin jure mu. Ya kuma yafe mana, idan iyalansa sun yafe.

Ga masu zuwa ranar Alhamis, ku taho da lema, 'yan kasuwar Misfala kuma ku ɗage kayanku daga ƙasa. Kwana biyu kafin ya cika, a gadon asibiti, marigayin ya sa Manal ta buɗe masa taswirar iska a wayarta, ya rubuta mana takarda ta ƙarshe, wadda babu wanda ya je ya karɓa. Takardar ta ce akwai yiwuwar ruwa mai ƙarfi daga wannan Alhamis ɗin zuwa Juma'a, kashi sittin cikin ɗari. A ƙasa, mutumin da muka ce ya yi da'awar annabci ya rubuta: Wallahu a'alamu.

Sa hannu:
Alhaji Abdulilah Nasir Hudaifa
Kakakin Ƙungiyar Zumunta ta Hausawan Misfala da Zahir
Makka