Jakar da Na Ƙi Karɓa

Baba,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kana cikin haske da yalwa. Na san wannan takarda ba za ta isa gare ka ba, balle ka karanta ta. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da na yi yau sai kai.

Gida lafiya. Inna tana takaba, ta rame, amma ta fara cin abinci. Sadiku da Ummi sun koma makaranta. Saniyar nan mai farin goshi ta haihu, mace. Dawarka ta Mainika ta yi kyau, yayanka Baffa Sale ne ke zagaya ta.

Tafiyar nan ta zo, ta neman lambar yabon matasa, wadda ka sa mini hannu a takardarta kafin ka kwanta ciwo. Gobe da safe Malama Hadiza za ta duba kayan kowa a makaranta. Daga nan mota ta sauke mu bayan Kutama, mu taka da ƙafa, mu kwana biyu a tanti, mu ɓullo ta wajen Gammo. Mu huɗu ne a rukuninmu, kuma doka ce ba a fita ƙasa da huɗu. In aka cire ni, an cire Zulai da Maryam da Habiba, bayan wata shida muna atisaye tare.

Ga kayan nan a kan tabarma: bargo, gidan sauro, tocila, gorar ruwa biyu, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, ashana a leda, hijabi, da ƙaramar tukunyar Inna. Komai ya haɗu sai abin zubawa. Malama ta ce jakar goyo mai ƙwari, mai ɗamara a ƙugu, duk wadda ta zo da jakar makaranta ta koma gida. Wadda Zulai ta aro mini, jiya na cika ta na ɗaga, hannun ya tsinke, gindin ya yage. Tela ya ce ruɓewa ta yi, ba inda allura za ta kama.

Ka san jakar da ke raina. Koriyar nan taka, wadda kake zuba alluran shanu kana zaga rugage. Ka tuna ranar da ka miƙo mini ita a tsakar gida? Na ce tana warin maganin dabbobi, 'yan mata za su yi mini dariya. Ko taɓa ta ban yi ba. Ka yi murmushi ka mayar da ita ɗaki. Har ka rasu ban ba ka haƙuri ba, kullum ina cewa sai gobe.

Ɗakin naka Baffa ya kulle shi tun ranar sadakar uku, ya ce ko tsinke kada a taɓa sai an raba gado bayan girbi. Jiya da dare na durƙusa na roƙe shi jakar. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce ba tasa ba ce balle ya ba ni, akwai haƙƙin marayu a ciki, kuma Sadiku da Ummi ba su kai su yafe ba. Na ce ai ka taɓa ba ni ita. Ya tambaye ni ko na karɓa. Me zan ce, Baba? Ya ce kyautar da ba a karɓa ba tana nan a hannun mai ita.

Yau ya tafi kasuwa. Na san inda yake saka mukullin, na ɗauka na buɗe. Ban kalli hularka ba, ban kalli gadon ba, na janyo jakar na fito. Inna ta gan ni daga bakin murhu, ta kawar da kai. Wannan kawar da kan ya fi tsawa ba ni tsoro.

Da na goya ta, sai ta zauna mini daidai. Kai mai faɗin kafaɗa, ni kuwa ka san yadda nake. Na sauke na duba, ashe an rage igiyoyin, an ɗinke su da baƙin zaren nan da kake ɗinke buhu, da ɗinkin nan naka karkatacce. Yaushe ka yi wannan? Kafin ka miƙo mini, ko bayan na ƙi? Na rasa wanne ya fi yi mini ciwo.

Niyyata in ɓoye ta ƙarƙashin gado, in fice da ita gobe Baffa yana masallaci, in dawo in mayar ba wanda ya sani. Yanzu ba zan iya ba. Abin da ka zauna ka ɗinka mini ba zan fita da shi kamar ɓarauniya ba. Na zuba kayan ciki, masu nauyi kusa da baya. Zan goya ta in sami Baffa a zaure, in ajiye mukullin a gabansa, in nuna masa ɗinkin. In ya yarda a sa ta cikin rabona, ba na son komai bayanta. In ya ce in mayar, zan juye kayan in mayar, sannan in taka gidan su Zulai in faɗa musu da bakina. Ban san wanne zai ce ba. Ka fi ni saninsa.

An kira la'asar, ga kuma ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Zan fita.

Na karɓa, Baba. Na gode. Ko da za a karɓe ta yanzu, ka sani na karɓa.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri.

'Yarka mai taurin kai,
Rabi