Fuskata Ta Yi Kama da ta Wani

Malam Abarshi, don Allah ka taimake ni da shawara kafin Laraba, don ranar na yi da wanzami zai zo.

Ni malamin Turanci ne a wata firamare a yankin Kakangi. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara cewa idan Bature ya ce “like”, kamanci kawai yake nufi, wanda ya yi kama da zaki ba zaki ba ne. Ashe darasin bai taɓa ƙetare ƙofar aji ba.

Makon jiya na shiga kasuwar Birnin Gwari sayen taki. Wata mata mai suna Bushira, wadda ta yi wata uku a hannun 'yan bindiga cikin daji, ta gan ni ta ƙwalla ihu, wai ni ne na yanka ƙaninta a gabanta. Ban buɗe baki ba gora ta sauka a ƙeyata. 'Yan sa-kai suka ja ni a ƙasa, suka karya mini haƙarƙari biyu. Wani ya ɗora mini adda a wuya, wani yana cigiyar fetur. Ba don shugabansu Tasi'u, wanda na koyar da 'ya'yansa, ya kwanta a kaina ba, da toka za a kai wa matata Karima.

An ce tsayinmu ɗaya da mutumin da ya yi kisan, har wushirya. Yanzu ko babur na ji sai in nemi wurin ɓuya. Na yanke shawarar wanzami ya tsaga mini kumatu uku-uku, in daina kama da shi. Wani lokacin kuma zuciya takan ce in ari bindiga in nemi mai addar nan. Karima kuka kawai take yi.

Mai Aron Fuska, Kakangi

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ka sallami wanzamin nan. Duk wanda ya fito da ɗanyar tsaga a Birnin Gwari ta yau, cewa za a yi ɓoye kamanni ya yi. Ka ga da hannunka ka gaskata zargin. Bindiga kuwa ita kaɗai ta rage maka ka zama shi sak.

Kakanninmu sun riga Bature, sun ce kama da wane ba wane ba ne. Sai dai karin magana ba ta tare gora, don haka ga abin yi. Ka ɗauki mai unguwa da liman da hedimastanku ku je wajen Tasi'u, da rajistar makaranta a hannu. Ita za ta nuna kana gaban allo a watannin da Bushira ke daji. Takardar asibiti kuma ta tafi ofishin 'yan sanda, don masu cigiyar fetur ba su da uzuri.

Ita Bushira ka yi mata uzuri. Idon da ya ga an yanka ƙani yakan daɗe bai daina gani ba. Idan danginta sun yarda, ta saurari muryarka daga bayan labule. Wata uku tana jin tasa, ba za ta haɗa su ba.

In hankali bai kwanta ba, ka nemi canjin wurin aiki, babu kunya a ciki. Amma fuskar nan taka ce, da ita Karima ta aure ka. Ɗan bindigar nan ya raba mutane da shanu da gonaki, kada ka ƙara masa da ita.

Allah ya tsare, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.