A Sauke Bidiyon Mijina, Malam Bello Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta taimakon marasa lafiya, da 'yan kwamitinsa, a nan Libreville.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina neman afuwa da na kawo maganata bainar jama'a. Na bi hanyoyin da kuka buɗe ban sami mai saurarona ba.

Sunana Hadiza, matar marigayi Malam Bello tela, mai shago a Alibandeng. Daga Garwa muka zo, a nan muka haifi 'ya'yanmu. Alhaji, kun san shi. Yana cikin masu ba da gudummawa tun lokacin da ake zagayawa da kwali bayan sallar Juma'a. Da kuka buɗe shafi a intanet, aka koma turo sadaka ta waya, ya fi kowa murna. Yana cewa yanzu wanda ya bayar zai ga inda abinsa ya tafi. Kuma haka aka yi, manyan 'yan kasuwar unguwannin Angondjé da Batterie IV suka shigo, har ɗan maƙwabciyarmu aka yi wa aiki a ido. Ban manta da wannan alheri ba, ba kuma zan rufe shi ba. Ga dai abin da ya same mu.

Na ɗaya. Da ƙodar Malam ta daina aiki, likita ya ce sai wankin jini, na ɗauki taksi zuwa bironku, wato ofishinku, a Akanda. Wanda na tarar ya ce yanzu ba a karɓar koke da baki, sai ta manhaja. Da Faransanci take, sai 'yarmu Zainabu ce ta cika mana dosiyen, wato takardun koken. Duk safiya amsa ɗaya ke zuwa, wai ana dubawa. Da can in mutum ya kwanta, dattawa biyu ko uku ne za su zo su zauna a gefen gadonsa, su yi masa addu'a, su ga halin gidan da idonsu. Mu babu wanda ya taka ƙofarmu.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Da aka kira mu daga ƙarshe, aka ce masu bayarwa ba sa yarda sai sun ga bidiyo, saboda 'yan damfara sun yi yawa. Malam ya ƙi. Mutum ne da ko bakin shago ba ya fita babu hula. Kuma mun ɓoye wa mahaifiyarsa ciwon, domin tsohuwa ce mai hawan jini, tana Garwa. Ni na yi ta lallashinsa. Da ya gaji ya ce mini: "Hadiza, ku yi yadda kuka ga dama, amma kada Inna ta gan ni a haka." Na gaya wa jami'inku, ya yi alkawari za a rufe fuska, ba za a sa suna ba, kuma masu bayarwa kaɗai za su gani.

Bidiyon ya fita da fuskarsa da cikakken sunansa, babu riga, robar asibiti a wuyansa, ƙafafu a kumbure. Kafin kwana biyu ya shiga kowane zaure na waya. A wayar wata maƙwabciya Inna ta ga ɗanta. Ta kira tana kuka tana tambaya ko laifi ta yi mana da za mu bari ta ji a bakin duniya. Malam ya riƙe wayar, ya juya fuskarsa bango. Tun daga ranar bai ƙara yarda wani ya zo duba shi ba, ko abokan sana'arsa.

Taimako ya zo, kuka biya asibiti kai tsaye, aka yi masa wankin jini iya yadda Allah ya nufa. Na gode wa duk wanda ya bayar. Kafin azumi ya rasu.

Na uku. Na fita takaba, amma bidiyon yana nan a shafinku da rubutun neman agajin gaggawa. Wasu marasa tsoron Allah sun kwafe shi, sun sauya lambar waya, suna karɓar kuɗi da sunansa. Wata mai sayen atamfa a wurina ta zo da fara'a ta ce ta tura nata, ya jikin maigida? Da na gaya mata ya rasu, kallon da ta yi mini har yau ina ganinsa. Yanzu magana ta bazu cewa ni da ƙungiya muna cin abinci da gawa. Zainabu ta dawo daga lekol ta ce ba za ta koma makarantar ba, wani ya nuna wa 'yan ajinsu babanta. Na rubuta muku ta manhajar na ce ya rasu, a cire. Amsar da ta dawo ta gode mini, ta kuma yi wa mara lafiya fatan samun sauƙi.

Alhaji, ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ɗanta ke fama da sikila. Kun sa kokenta, gaskiya ne kuma, da idona na ga yaron. Mutane sun ƙi bayarwa, suna cewa tunda an yi ƙarya da Bello ba su san na gaskiya ba. Yardar da kuka nema da hoton mijina, hoton nan ne yake cinye ta.

Don haka ina roƙonku da girman Allah. Ku sauke bidiyon, ku gargaɗi jama'a game da lambar 'yan damfara, ku kai ƙara inda ya dace. Ku ajiye mutum mai jin Hausa da Fulatanci wanda talaka zai yi wa magana ya amsa. Ku dawo da ziyarar dattawa, shaidarsu ta isa mai bayarwa ya natsu ba tare da an tsiraita mara lafiya ba. In kuwa dole sai hoto, alkawarin da aka yi wa mai shi a cika shi. Ina kuma so wani daga cikinku ya kira Inna ya ba ta haƙuri, ya gaya mata ba mu muka watsa ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne ku sanar a shafin nan, da Hausa da Faransanci, cewa Malam Bello ya rasu. Bayin Allah da yawa har yanzu lafiya suke roƙa masa, alhali gafara da rahama yake buƙata.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon riƙe amanar da ke wuyanku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya jiƙan magabatanku da namu.

Wassalam.

Hadiza, matar marigayi Malam Bello,
Alibandeng, Libreville.