Monitar da ka aiko ta fi ƙarfin kwamfutata

Yaya Mutaru,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya sanyin Italiya? Ina Anti Rahina da yara? Mu nan Zogbeli lafiya lau, ƙafar Mma ma da sauƙi.

Monitar buga wasan gem ta iso, na gode ƙwarai, amma wallahi ta rikita ni. Na tara abokaina su ga gudun hoto, na jona ta da tsohuwar kwamfutata, sai gem ya dinga cijewa kamar da. Suka yi ta dariya.

Fuseini mai gyara ya ce girafik kad zan canza, shi ke zana hoton. Abokina Iddrisu ya rantse firosesa ce, ƙwaƙwalwar kwamfutar, wai ko na sa sabon kad, tsohuwar firosesa za ta riƙe masa ƙafa. Ɗaya kawai zan iya saye. Wanne ne, Yaya?

Ka amsa da wuri, domin Mma ta fara kallon wa'azi a monitar, ta ce ita ba ta ga abin da ya lalace ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Sadiƙu